Kundin waƙa da ya cije wata huɗu a Damagaram: nazarin lamari

Asalin lamarin

Mai kundin saurayi ne da bai cika talatin ba, mazaunin unguwar Zango a Damagaram. Shi ke rubuta waƙarsa, shi ke yi mata kari, shi ke kaɗa jita yana rerawa. Bai gaji kiɗa ba. Waƙoƙinsa na soyayya ne da ci-rani da zaman gida, kuma in ya zauna shi kaɗai da jita a majalisar shayi mutane kan yi tsit. Cikin shekara uku ya tara waƙa 14, ya ƙudura fitar da su a kundi ɗaya.

Wanda ya shigo aikin daga baya dattijo ne daga unguwar Birni, ya haura hamsin, mai gurumi da kalangu, tashin gidan makaɗa. Ya taɓa bin ƙungiyoyin kiɗa zuwa gasar Ɗan Gurmu a Tawa, don haka ya san kiɗan fada, ya kuma san zaman sutudiyo. Na uku shi ne mai sutudiyon da aka ƙarasa aikin a wurinsa: ɗaki ɗaya mai mita 3 da mita 4, bangon siminti, rufin kwano, kwamfutar hannu, akwatin shigar da sauti mai ƙofa biyu, da makirufo biyu.

Yuni zuwa Satumba: ɗauka ta farko

An fara aikin a wani sutudiyo na daban. Mai wurin ya gina kiɗan duka a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, da fiyano, a kan zubi guda da ya saba da shi: bugu huɗu-huɗu, tsakanin 100 da 105 a minti, kusan duk waƙoƙin a matakin la, abin da ƴan kiɗa ke kira gam. Aka ajiye jitar gefe. Muryar aka bi da ita ta Auto-Tune, na'urar gyaran murya, a kan saurinsa na ƙarshe. Waƙa 14 suka kammala cikin zama tara.

Da saurayin ya kunna wa waɗanda suka saba jin sa a majalisa, abu ɗaya suka yi ta maimaitawa: ba kai ba ne. Shi kuwa ya ɗora laifin a kan makirufo. Ya aro wani mai tsada, ya sake rera uku, ba abin da ya canza. Ya tura biyu Kano a sake haɗawa, suka dawo da ƙarfin sauti da sheƙi, amma muryar tana nan a maƙale. Ana cikin haka aka goge kwamfutar sutudiyon farko, layukan kiɗan da ke rarrabe suka tafi. Abin da ya rage a hannunsa MP3 ne kawai, kiɗa da murya a cakuɗe, ba damar sauke gam ko rage gudu ba tare da sautin ya lalace ba.

Oktoba: sauraro

Dattijon bai taɓa kayan kiɗansa ba a zama biyun farko. Ya sa saurayin ya zauna a tabarma ya rera waƙoƙin da jita kamar yadda yake yi a majalisa, aka ɗauka da waya, sannan aka riƙa kunna ta waya da ta sutudiyo bi da bi.

Abin da ya fara fitowa fili shi ne kari. Shida daga cikin 14 a kan bugu uku-uku aka haife su, irin tafiyar da ake ji a kiɗan ƙwarya da na kalangu, wadda masu rubuta kiɗa ke sa wa 6/8. An tura su cikin huɗu-huɗu, sai mawaƙin ya riƙa haɗiye gaɓa a nan yana jan wata a can don ya iso gaɓar kiɗa a kan lokaci. Na biyu gam ne. A majalisa ƙasa-ƙasa yake waƙa, amma a la amshin yana kai shi inda maƙogwaro ke shaƙewa, na'urar gyaran murya kuma ta rufe shaƙewar da wani ƙara mai kama da na ƙarfe.

Na uku shi ya fi cin lokaci, domin ya shafi harshen kansa. Hausa tana da karin sama da na ƙasa, tana da wasali dogo da gajere, kuma waƙar da ta taka su takan sauya kalma. A wani baiti yana cewa ya sha wuya. Wuya ta wahala daga ƙasa take tashi sama, amma sabon karin ya gangaro da ita daga sama zuwa ƙasa, ta koma wuyan da ke ɗauke da kai. A wani wurin ya kwana yana kuka, gaɓa ta biyu ta faɗo, kuka ya zama itacen kuka. Inda ya ce ya bar gari an ja masa gaɓar farko don ta cike bugu, garin zama ya zama garin tuwo. Mai sauraro yana gane abin da ake nufi daga sauran maganar, amma kunnensa yana tuntuɓe, kuma tuntuɓen nan shi mutane ke nufi da suke cewa ba shi ba ne. An ƙirga wurare 23 irin wannan. A ɗaukar waya, inda bakinsa ke bin maganarsa, huɗu kawai aka samu.

Akwai kuma abin da sai ɗan gari zai kama. Buɗin wata waƙar soyayya ya yi kama sosai da wani take da ake yi a fada ranar hawan salla. Saurayin tun yana yaro yake jin sa, ya zauna masa a kai har ya ɗauka nasa ne. Mai sutudiyon farko kuma ya ƙara masa sautin kakaki daga fiyano don ado. Dattijon ya ce masa: "Ƙanena, wannan ba namu ba ne ni da kai. Kakaki na Sarki ne, taken kuma yana da masu shi." Ba a yi gardama a kan wannan ba.

Nuwamba: gyaran da bai yi ba

Kuɗi sun riga sun tafi a ɗaukar farko, don haka aka zaɓi hanyar sauƙi: a bar MP3 ɗin yadda suke, a ɗora gurumi da kalangu da amshi a kai, ko za su kawo ɗumin da ya ɓace. An yi zama biyar.

Gurumi bai zauna da fiyanon ba. Fiyano ya raba sautinsa gida 12 daidai wa daida, gurumi kuwa sandarsa ba ta da gidaje, yatsa ne ke neman sautin, kuma wasu sautukansa suna faɗawa tsakanin gidajen fiyano. Shi kaɗai daɗi gare shi, a kan fiyano sai ya yi kamar bai ɗauru ba. Kalangu ya fi tona asiri. Da matsa tsirkiya a hammata yake hawa da sauka, yana bin karin magana, sai ga shi yana faɗin kalma daidai muryar da ke sama tana faɗin ta a karkace. Ƙari a kan haka duk abin da aka ɗauka a watan yana da wani gurnani a ƙasa, na 50 Hz, wanda ke biyo cajar kwamfuta.

Matsalar da ta fi waɗannan ba ta na'ura ba ce. Dattijon ya kaɗa gurumi daga farko har ƙarshe a waƙa 11, ya yi amshi a takwas, ya ƙara baiti nasa a biyu. Muryarsa ta fi kauri, hannunsa ya fi nuna. Duk wanda aka kunna wa sai ya tambaya ko sabon kundin dattijon ne. Saurayin bai iya faɗa masa ba, saboda ba a yi wa babba haka, sai ya daina zuwa. Mako biyu ba wanda ya kira wani. Mai sutudiyo na biyun ne ya je Birni bayan la'asar, ya kunna wa dattijon waƙa uku a jere ba tare da ya ce uffan ba, sannan ya tambaye shi muryar wa ya fi ji.

Disamba: komawa kan takarda

Aka yanke cewa MP3 ɗin farko da abin da aka ɗora musu duk a ajiye su. Watan nan ba a kunna makirufo ba sam. Ana zama sau biyu a mako a zauren dattijon da littafin waƙoƙin, da jita, da kalangu.

An fara da rage yawa. Uku daga cikin 14 magana ɗaya suke yi da kalmomi daban, aka bar wadda ta fi ƙarfi. Mai taken fada aka cire ta gaba ɗaya, domin da aka sauya buɗin sauran ba ta tsaya da ƙafarta ba. Biyu kuma ba su nuna ba tukuna. Tara suka rage.

Gyaran baiti ya bi tsari ɗaya. Saurayin ya faɗi ɗangon da baki kamar yana magana, dattijon ya maimaita shi da kalangu, sannan saurayin ya rera yana bin abin da kalangun ya faɗa. Inda kari da kalma suka saɓa, akwai mafita uku: a lanƙwasa karin a gaɓar nan kaɗai, a matsar da kalmar zuwa inda karin ke hawa ko sauka daidai da ita, ko a sauya ta. "Wuya" ta koma "wahala" a wuri ɗaya, abin da ya tilasta sake amsa-amon ɗango biyu. "Kuka" ta zauna, karin ne aka riƙe a sama. Sharaɗin da aka gindaya shi ne dattijon ya nuna inda ciwon yake, amma kalmar da za ta maye gurbi daga bakin mai waƙa za ta fito. Wani ɗango ya kwana huɗu kafin a samo masa kalma.

Gam kuma da gwaji aka nemo shi. Kowace waƙa an rera amshinta a mataki uku, ana sauka gida ɗaya-ɗaya a wuyan jita, aka tsaya inda zai iya maimaita amshin sau biyar bai yi kaki ba. Shida suka sauka gida biyu, daga la zuwa sol. Ɗaya ta sauka gida uku. Biyu suka tsaya inda suke.

A ƙarshen watan aka rubuta rabon aiki: gurumi a waƙa uku, kalangu a biyu, muryar dattijon a baiti ɗaya na waƙa ɗaya. Ƙwarya wani yaronsa zai kaɗa. Jita ta dawo a takwas.

Janairu da Fabrairu: ɗauka ta biyu

Ɗakin aka fara gyarawa. Katifa biyu a tsaye a kusurwoyin da ke bayan mawaƙi, bargo mai kauri a bangon da ke fuskantarsa, darduma a ƙasa. Tafi ɗaya a tsakar ɗaki ya isa gwaji: in an ji wutsiyar ƙara tana bi, a ƙara bargo. Ana farawa bayan isha, in kabu-kabu sun ragu a titi, a tashi kafin ɗaya na dare. Sanyin hunturu ya taimaka, domin ba a buƙatar fanka.

Gurnanin ya tafi da aka zare caja aka bar kwamfutar a kan batirinta, akwatin sauti yana shan wuta daga gare ta. Batirin awa biyu yake yi, shi ya zama tsawon kowane zama, kuma ɗaukewar wuta ta daina tsayar da aiki. Wayoyi a waje ake barin su, saboda kiran da ke shigowa yana shiga layi. An ɗauki komai a 24 bit da 48 kHz, ƙololuwar sauti ba ta wuce desibel 10 ƙasa da sifili ba.

Tubalin kowace waƙa ɗauka ce ta jagora, ba tare da agogon kiɗa, na'urar da ke ƙirga bugu, ba. Saurayin yana ciki da jita da murya a makirufo ɗaya, mai ƙwarya yana baranda da na biyu, ƙofa a rufe, wayar lasifikar kunne mai mita 6 ta haɗa su. An kife ƙwaryar a kan bargo ninki biyu, makirufo santimita 20 daga gefenta, don ya kama dukan dunƙulen hannu da ƙarar zobba tare. Waƙar da ta fara a bugu 92 ta ƙare a 97 an bar ta, haka mutum ke waƙa in magana ta yi zafi. In tazarar ta wuce takwas a sake. Bayan nan sai a zubar da jita da muryar jagora, a riƙe ƙwaryar, a ɗora sauran ɗaya bayan ɗaya.

Gurumi ya ba da aiki. Fata ce a kan ƙwarya, ga tsirkiya biyu, kuma fata tana jin iska. Da shigowa takan zo a ɗame saboda bushewar hunturu, bayan rabin awa a rufaffen ɗaki da numfashin mutum huɗu sai ta saki, sautin ya sauka. Aka riƙa shigo da shi tun kafin a fara ya saba da ɗakin, ana kuma gwada shi da jita bayan kowace ɗauka biyu. Makirufo santimita 30, yana kallon inda sanda ta shiga ƙwarya, ba tsakiyar fata ba, inda ƙarar farce ta fi yawa. Akayau ɗin da ke kan sandar yana rufe komai in an matso, sai aka ɗaure shi da ƙyalle a waƙa biyu, aka sake shi a ta uku. Tunda babu fiyano, jita kaɗai gurumin zai yi zama da ita, kuma inda gurumi ke amsa wa murya jitar takan koma tsirkiya biyu na ƙasa ta bar masa fili. Kalangu an ja shi baya zuwa santimita 50, don bugunsa na farko yana da kaifi.

Murya santimita 15 zuwa 20, da tankaɗen iska a tsakani. Kowace waƙa sau uku daga farko har ƙarshe, a zaɓa baiti-baiti, ba kalma-kalma ba, don numfashi ya tafi a jere. Waƙa biyu a dare, ba ƙari. Ƙurar hunturu tana busar da maƙogwaro, ruwan ɗumi ne a gefe, an hana na sanyi. An kashe Auto-Tune, aka gyara wuri 11 da hannu a kundin duka. Ƴan amshi uku, mata biyu da namiji ɗaya, sun kewaye makirufo ɗaya a santimita 60, aka ɗauke su sau biyu.

Waƙa ta biyar ta ƙi. Sau uku ana gina ta, kullum amshin yana gudu ya bar baiti a baya. Aka gwada agogon kiɗa, ta daidaita amma ta mutu. A dare na huɗu dattijon ya ce a fitar da ƙwarya da jita, su zauna su biyu, gurumi da murya, gwiwa da gwiwa, makirufo biyu a ɗaki ɗaya. Ɗauka ta biyu aka riƙe. Sautin kowane ya shiga makirufon ɗan'uwansa, ba damar gyara ko gaɓa ɗaya, kuma akwai wurin da muryar ta ɗan karye a baiti na uku. Ita aka mayar ta ƙarshe a kundin.

Maris: haɗawa da takardar haƙƙi

Azumi ya shigo, ɗaukar murya ta riga ta ƙare, sai haɗawa da dare. An yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz a murya da ƙasa da 100 a gurumi. Dukan ƙwarya na ƙasa ba ya fita a lasifikar waya, kuma yawancin masu saurare da waya za su ji, don haka aka ɗan ɗaga wajen 200 Hz da ƙarar zobba. Kowace waƙa an ji ta a waya, a rediyon mota, da ƙaramar lasifika irin ta teburin mai shayi, an kuma haɗe hagu da dama wuri ɗaya a tabbatar ba abin da ya ɓace. An fitar da WAV na ajiya, da wanda aka daidaita ƙarfin sautinsa a -14 LUFS don YouTube, da MP3 na 320 don gidajen rediyo da na 128 don masu turi. Ta WhatsApp a matsayin takarda ake aikawa, don ya isa yadda aka fitar da shi. Layukan duka an kwafe su a faifai biyu, ɗaya a Zango ɗaya a Birni.

Maganar haƙƙi ta so ta dawo da tsamin Nuwamba. Tun farko dattijon ya ce tsakaninsa da ƙanensa babu ciniki, sai aka bar zancen a haka wata biyar. Da aka zo rubuta sunaye ya ga cewa a waƙa biyu karin amshin nasa ne, ba gyara kawai ba. Saurayin yana ganin shawara ce aka ba shi. Aka koma ɗaukar waya ta Oktoba aka gwada da ta yanzu a gaban shaidu biyu, bambancin ya fito a fili. Takardar, da Faransanci aka rubuta ta aka karanta da Hausa, ta bi waƙa-waƙa: wa ya rubuta baiti, wa ya yi kari, wa ya tsara kiɗa, wa ya kaɗa me. A biyun nan dattijon ya samu sulusin kari. Baitoci duka na saurayin ne. Mai ƙwarya da ƴan amshi an sallame su a hannu, sunansu yana jikin kundi. Da wannan takardar aka shirya rajista a BNDA, hukumar haƙƙin mawallafa ta Nijar.

Afrilu: fitowa

Kundin ya fito bayan ƙaramar salla, waƙa tara, minti 41. Rediyo a gari ya ɗauki biyu, ɗaya a cikinsu ta biyar ɗin nan ce. Mutanen majalisa ba su sake cewa ba shi ba ne. Saurayin yana iya yin takwas daga cikin tara a wurin biki da jita da ƙwarya kawai, abin da kiɗan fiyano bai ba shi dama ba. Kuɗin ɗaukar farko ba su dawo ba, kuma waƙa ta bakwai tana da ɗan gurnani a sakan goma na farko, daren da aka manta caja a jiki.

Hukunci

Ciwon kundin tun farko a baiti da kari da gam yake, shi ya sa makirufo mai tsada da haɗin Kano ba su taɓa shi ba. Mafi amfanin abin da dattijon ya kawo kunnensa ne, a zaman Oktoba da na Disamba, lokacin da gurumi ke rataye a bango. Aikin Nuwamba kuskure ne ta fuska biyu: an ɗora sabon kiɗa a kan tubalin da ya karkace, kuma ba a shata wa baƙo iyaka ba, alhali girmansa ya hana mai kundin buɗe baki. Da mai sutudiyon bai je Birni ba, da aikin ya tsaya a nan. Rabon aikin da aka rubuta a ƙarshen Disamba ya kamata a yi shi tun makon farko, haka ma takardar haƙƙi, wadda ɗaukar waya ta Oktoba kaɗai ta sa aka warware ta lafiya.

Wuri ɗaya dattijon ya wuce gona da iri ko a zagaye na biyu. Ya nace a cire fiyano kwata-kwata, alhali waƙa ta uku da ta shida suna da sarari a ƙasa wanda layin fiyano mai laushi, a gam ɗin da aka sauke, zai cike ba tare da ya taɓa gurumi ba, tunda babu gurumi a cikinsu. A waya ba a lura, amma a babbar lasifika ana jin ramin. Layukan suna nan a faifai biyu, kuma mai sutudiyon ya ba da shawarar a ƙara shi kafin a yi wa waƙa ta shida bidiyo.